Ihun da Bai Iso Ba: Ban Kwana da Helmer Brännlund

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Helmer Brännlund, babban injiniyan cibiyar adana bayanai ta garinmu, a asibitin gunduma, bayan ciwon hanta da ya yi ta fama da shi tun kaka. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, mu ma muna nan tafe.

Labarin ya same ni ina tsaye a zaure na biyu, tsakanin kabad-kabad ɗin na'urori, inda ƙugin fankoki ba ya barin mutum ya ji ƙarar wayarsa. Sixten, manajanmu, shi ya shigo da kansa ya dafa kafaɗata. Mutumin da ba ya taka zauren nan sai in ya rako baƙi, ga shi a gabana yana kallon ƙasa. Nan take na gane.

Helmer, ni ce Solveig Marklund, wadda teburinta ke jikin naka shekara goma sha shida. Ranar jana'izarka za a cika coci da masu faɗin alherinka, kuma duk abin da za su faɗa gaskiya ne. Ni zan faɗi nawa a nan, har da ranar da na tsane ka, domin na san ba ka son a yi maka kwalliya.

Kai ka koya mini lalube. Manhajar da muke kula da cibiyar da ita ba ta san komai da kanta ba. Sai an tura ta ta bi layin sadarwa, adireshi bayan adireshi, tana ƙwanƙwasawa tana tambaya: wa ke nan, mene ne aikinka, na wane ne kai? Duk na'urar da ta amsa sai ta shigar da ita cikin sani. Masu gaggawa sukan sake ta a kan ginin gaba ɗaya su tafi shan kofi. Kai ba ka taɓa yin haka ba. Kana yanka mata ɗan yanki, ka zauna ka zuba mata ido har ta gama, sannan ka ƙara wani. Ka ce mini akwai tsofaffin na'urorin batir da na sanyaya ɗaki waɗanda in aka yi musu tambayoyi da yawa lokaci ɗaya sai su ruɗe su sume, don haka a ƙwanƙwasa musu ƙofa a hankali. A makon farko na ɗauka tsabar tsoro ne irin na dattawa. Har yau haka nake yi, kuma ban taɓa sumar da na'urar kowa ba.

Ba aiki kaɗai na samu a wurinka ba. Shekarar da ɗana ya yi ta kwanciya asibiti, kai ka riƙa karɓar aikin ƙarshen makona, in na yi godiya ka ce ai cibiyar ta fi maka shiru in ba na nan. Kowace kaka kana kawo mana kwalaben 'ya'yan itacen fadama da matarka Gunvor ta dafa, ka jera a ɗakin shan kofi, amma ko da wuƙa a wuya ba za ka faɗi fadamar da kake tsinko su ba. Kana da rowar wannan sirri, kana da taurin kai, kuma tsohuwar motarka warin kare take yi shekara da shekaru bayan karenka ya mutu. Duk da haka kowa ita yake so ya shiga.

Sai hunturun da muka sauya manhaja, shekara bakwai ke nan.

Laluben farko da sabuwar manhajar ta yi ya tono mana wani akwati a can ƙasan kabad na ƙarshe a zaure na ɗaya. Toka-toka ne, ba suna a jikinsa, ba tambari. Yana amsa cewa yana nan, amma ya ƙi faɗin ko shi wane ne, kuma duk kalmomin sirrin da muke da su ya ƙi karɓa. A gurbin mai shi manhajar ta bar fili. Ka tambayi duk masu ajiya a wurinmu, ofisoshin gunduma da makarantu da kamfanin katako, kowa ya ce ba nasa ba ne. Na'urar da ba a san mai ita ba kuwa ƙofa ce a buɗe ga ɓarayin bayanai, ga shi kuma masu binciken tsaro suna tafe. Sixten bai yi laifi ba da ya matsa.

"Helmer, akwatin nan ba uwa ba uba," in ji shi. "In mutanen nan suka zo, in ce musu me? Tsintarsa muka yi a bakin hanya?"

"Ka ce musu ya riga ka zuwa gidan nan," ka ce.

"To ya riga ni fita. A yi masa gwajin ihu mana, mai shi zai fito da kansa."

Gwajin ihu ba mu muka ƙirƙiro shi ba, duk inda ake irin aikinmu ana yin sa. In an rasa mai na'ura, sai a zare mata wayar sadarwa a koma a zauna kusa da tarho. Wanda aikinsa ya tsaya zai kira yana ihu, shi ne mai ita. In an yi kwanaki ba wanda ya kira, na'urar ta mutu tun tuni, sai a kashe ta a fitar. Ka yi shi sau da yawa, kuma bai taɓa ba ka kunya ba. Kana da ƙa'idarka ma a kai: ba a yi ranar Juma'a, ba a yi da yamma, kuma wayar da aka zare ba a ɗauke ta, a bar ta tana lilo a bakin raminta da jan tef a jiki. Ranar wata Laraba, bayan kofin safe, ka shiga ka zare ta. A waje sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifiri.

Yawanci kafin mutum ya koma kujerarsa tarho ya fara kuka. Ranar nan shiru. Hantsi ya wuce, shiru. Sixten ya leƙo yana murmushi ya ce ga shi nan, gawa muke ta ciyarwa da wutar lantarki. Ni ma na saki jiki. Da lokacin abincin rana ya yi muka tafi muka bar ka. Na dawo na tarar da kwanonka a rufe yadda Gunvor ta ɗaure shi, ka cusa tabarka a ƙarƙashin leɓe, ka ƙura wa allon kwamfuta ido. Shirun ne bai kwanta maka ba. Ka ce akwatin da ya mutu ba ya ɗumi haka, kuma ka tuna fitilarsa tana ƙiftawa lokacin da ka durƙusa a gabansa.

Ka buɗe sawun saƙonnin da suka riƙa zuwa ƙofarsa kafin a zare wayar, ka kira ni. Ƙananan saƙonni ne ƙwarai, daga wurare fiye da ɗari, kowanne sau ɗaya a rana, ba fashi. Duk daga ƙauyukan saman kogi suke fitowa. Amma tun da aka zare wayar, uku daga cikinsu sun sauya hali: suna ƙwanƙwasawa, ba a amsa ba, su sake, su sake, ba tsayawa. Ɗaya ya fara tun jim kaɗan bayan ka fito daga zauren.

"Ke 'yar saman kogi ce," ka ce. "Me ke cikin gidajen can da yake gaisuwa sau ɗaya kullum?"

"Can? Wa ya rage can in ban da tsofaffi da karnuka?"

Da dariya na faɗa, kuma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Na ga hannun mahaifina, Arvid, wanda ke zaune shi kaɗai a gidanmu na bakin tafki tun rasuwar mahaifiyata. Na ga jan maɓallin nan da masu kula da tsofaffi suka ɗaura masa a tsintsiyar hannu kamar agogo, wanda in ya faɗi zai danna a kawo masa agaji. Na'urar da ke jikin bangon ɗakin girkinsa tana gaida wani wuri sau ɗaya a rana don a san tana aiki. In kuma an danna maɓallin, ba ta daina kira sai an amsa. Ban iya faɗa da baki ba, tsintsiyar hannuna kawai na kama na nuna maka. Ka miƙe zumbur.

Daga baya muka san sauran. Kamfanin da ya kafa layin agajin ƙauyuka ya daɗe da rushewa, aikin ya wuce hannu zuwa hannu, akwatin ya zauna a kabad ɗinmu yana aikinsa ba wanda ya tuna da shi. Mun zare wayar muna jiran ihu, alhali duk wanda zai yi ihun ta cikin wayar nan ihunsa ke bi.

Muka ruga. Ƙofofin zauren guda biyu ne, ta ciki ba ta buɗewa sai ta waje ta rufe, mutum ɗaya take ɗauka, kuma sai ta karanta zanen yatsa. Ka ɗora babban yatsanka, ta ƙi, saboda gumi. Ka goge a wando ka sake, ta ƙi. In ta ƙi na uku kulle kanta take yi sai an kira masu gadi. Ka tsaya da yatsan a sama, sannan ka fito ka tura ni ciki. Ban taɓa jin ƙofa mai nawa irin ta ranar nan ba. Na bi layin kabad a guje, na zube a gwiwa a gaban na ƙarshe, ga wayar tana lilo da jan tef ɗinka, daidai bakin raminta. Da ka bi ta masu tsabtar aiki ka naɗe ta ka ajiye, da sai na lalubi rami ɗaya cikin arba'in da takwas. Na cusa ta. Fitilar ta kawo ruwan ɗorawa ta tsaya a haka. Ina jin ka ta bayan gilashi kana buga shi da tafin hannu, ba na jin abin da kake cewa. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba kafin ta koma kore.

Kafin in fito ka riga ka samu cibiyar karɓar kiran agaji a tarho. Matar da ke can tana tambayar daga ina kira uku suka faɗo mata lokaci ɗaya. Na karɓe tarhon daga hannunka.

"Akwai Arvid Marklund a ciki?"

Doka ba ta ba ta damar faɗin suna ba. Sai ta ce, a hankali, "Ke wace ce tasa?"

Sauran biyun, Allah Ya taimaka: ɗaya kuskuren dannawa ne, ɗayar kuma wata tsohuwa ce, mai kawo mata abinci ta riga ta same ta. Na mahaifina shi ne wanda ya fara tun safe. Sun yi ta magana ta na'urar ɗakin girkinsa, ba amsa, wato ba ya cikin gidan. Motar asibiti ta tashi, amma hanyar tafki ba a share mata dusar ƙanƙara ba tun jiya. Na kira Birger, maƙwabcinsa na tsallaken tafki, ya ce yanzu zai hau babur ɗinsa na ƙanƙara. Kai kuma ka ɗauko makullin motarka ba ka tambayi kowa ba.

Wannan tafiya ba zan manta da ita ba har in bi ka. Rana ta riga ta faɗi da wuri kamar yadda take yi a nan a tsakiyar hunturu, dajin ya yi shuɗi, wayata tana kan cinyata. Na san abin da sanyi irin na ranar ke yi wa dattijo ɗan shekara tamanin da ke kwance a ƙasa. Duk wanda ya tashi a can ya sani. Ba ka ce mini in kwantar da hankali ba, ba ka ce komai zai yi daidai ba, kuma na gode maka da wannan. Sau ɗaya ka buɗe baki, ka ce, "Ni na zare ta." Na ce maka ka yi tuƙi.

Mun wuce gadar katako wayar ta yi ƙara. Na kasa ɗauka. Kai ka miƙo hannu ka danna.

"Na same shi," in ji Birger, yana haki. "Yana rumfar itace, ƙugunsa ya karye. Ya ja tsohuwar fatar barewa ya lulluɓa, karensa yana kwance a kan cikinsa. Solveig, kina ji? Zagina yake yi tun da na shigo. Wai ina na tsaya."

Ka tsayar da motar a tsakiyar hanya, ka kifa goshi a kan sitiyari. Ni kuwa na buɗe ƙofa na yi amai a cikin dusar ƙanƙara.

Mahaifina ya rayu. An yanke masa yatsu biyu na ƙafar dama, kuma tun daga ranar bai sake tafiya ba tare da abin dogarawa ba, mutumin da har a shekarar shi ke fasa ƙanƙarar tafki yana kamun kifi. Hukuma ta yi bincikenta ta ce ba laifin mutum ɗaya ba ne, an bi al'adar aiki. Kai ba ka fake a bayan wannan ba. Ka je asibiti ka tsaya a bakin gadonsa da hularka a hannu, ka gaya masa kai ne, ka bayyana masa gwajin ihu dalla-dalla. Ya saurare ka har ƙarshe.

"Na yi ihu har muryata ta dishe," ya ce. "Kai kana ina?"

"Ina zaune gaban tarho ina jiran ihu."

"To ai ga ni, ka samu mai akwatin. Miƙo mini ruwan can, injiniya."

Shi ya yafe maka a ranar. Ni ban yafe ba. Har bazara ban zauna shan kofi da kai ba, in ka shigo ɗakin in fita. Duk lokacin da na ga mahaifina yana jan ƙafa daga gado zuwa tebur, kai nake gani durƙushe a gaban kabad. Ba ka nemi in sassauta ba, ba ka aiko kowa ya ba ni baki ba. Abin da ka yi shi ne ka kashe gwajin ihu a cibiyarmu. Ka ce daga yau duk na'urar da lalube ya tono ba mai ita, za a bi wayarta da hannu, a ƙarƙashin daɓe, a cikin rufi, a karanta sawun saƙonninta, a san wa ke magana da ita, ko da zai ci wata guda. Abokan sana'a a wasu garuruwa sun yi maka dariya a taro, sun ce kana kashe lokaci a kan gawawwaki. Ka ce musu wanda ya fi bukatar na'ura wani lokaci shi ne wanda ba shi da yadda zai kira. Sannan kowace Asabar, har ciwo ya kayar da kai, kana tuƙa motar nan mai warin kare zuwa bakin tafki ka shigar wa mahaifina itacen mako cikin gida, don kada ya sake taka rumfar. Ban san ranar da fushina ya ƙare ba. Na dai tarar da kaina wata safiya na zuba kofi biyu.

Ranar Alhamis da ta wuce na je yi wa Gunvor gaisuwa. Da zan tafi ta buɗe aljihun teburin ɗakin girki ta ɗauko wata tsohuwar ƙaramar waya mai maɓallai, da abin cajinta a naɗe a jiki. Ta ce shekara bakwai ba ka rabu da ita ba, har a asibiti tana ƙarƙashin matashinka, kuma ba ta taɓa jin ka kira kowa da ita ba. Sau biyu kawai ta ji ta yi ƙara. Ɗayan ranar auren 'yarku Ylva ne, ka tashi daga tebur ka fita da kwat ɗin biki, ba ka dawo ba sai da aka yanka kek.

"Ya ce in ba ki," in ji ta. "Ya ce kada ki bar cajinta ya ƙare. Ya so ya yi miki bayani da kansa, kwanakin ƙarshe ba su bar shi ba."

Na karɓa na jefa a jaka. Na ɗauka abin tunawa ne.

Jiya Litinin na yi laluben wata, na farko da ba ka a duniya. Na yanka yanki-yanki yadda ka koya mini. A zaure na ɗaya manhajar ta tono na'ura guda, gurbin mai ita fili. Shekara bakwai ba mu ga irin wannan ba. Sixten ya zo ya tsaya a bayana, abu ɗaya ya ce: "Kada wanda ya taɓa ta." Muka ɗaga daɓe, muka bi wayar da hannu, ni da manajan cibiya a durƙushe da wandonsa na ofis. Ta kai mu bayan sabuwar na'urar layin agaji, wadda ta gaji tsohon akwatin. Can muka ga wani ɗan abu da bai wuce sabulun wanka ba, an ɗaure shi da jan tef.

Ba ka ɓoye shi ba. Ka yi masa rajista da sunanka tun ranar da ka kafa shi. Da ofishin ma'aikata ya rufe asusunka bayan rasuwarka, manhajar ta share sunan ta bar shi maraya. Muka duba cikinsa. Aiki ɗaya gare shi: kowane ɗan lokaci yana danna maɓallin agaji na gwaji, ya saurara ko kiran ya isa inda ya kamata. In bai isa ba, ba ta layinmu yake kai ƙara ba, yana da nasa layin na daban, ya kira wata lamba. Ka gina wa layin tsofaffi bakin da zai yi ihu a madadinsu. Ban san lambar ba. Sixten ya ciro wayarsa ya buga ta, muna durƙushe a wurin, don mu san wa ke can.

Jakata tana rataye a ƙofar kabad. Duk da ƙugin fankoki, na ji wayar da Gunvor ta ba ni tana ƙara a cikinta.

Na koma teburina na rubuta sunana a gurbin mai shi. Wayar tana aljihuna yanzu da nake wannan rubutu, cajinta a cike. Mahaifina yana da shekara tamanin da bakwai, jan maɓallin yana hannunsa, kuma ya ce ko a kan kujera mai taya sai an kai shi coci ranar da za a binne ka, wai yana da sauran zagin da bai gama yi maka ba. Da ya faɗa ya juya fuskarsa bango.

Allah Ya jiƙanka, Helmer. Ya yafe maka kurakuranka, wanda na sani da waɗanda ban sani ba, Ya sa nauyin da ka ɗauka shekara bakwai ba tare da ƙorafi ba ya zama sanadin hutunka. Ya haskaka makwancinka, Ya amsa maka tun kafin ka kira. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gunvor, da Ylva da mijinta da 'ya'yansu, da ƙannenka, da abokan aikinmu na cibiya, da tsofaffin saman kogi waɗanda yawancinsu ba su taɓa jin sunanka ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu iya riƙe abin da ka bar mana. Amin.